Makomar Sarrafa Masana'antu da Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsarin APC

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai, sababbin injiniyoyi da masu riƙe da masana'antu suka sha yi mini game da abin da ake kira APC, wato sarrafawa mai zurfi da kwamfuta ke yi wa matatun mai, masana'antun sinadarai, na siminti, na takarda da makamantansu. Na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona a ɗakin sarrafawa.

Mene ne APC, kuma me ya bambanta shi da sarrafawar da aka saba?

A kowace babbar masana'anta akwai ɗaruruwa ko dubban ƙananan zagaye na sarrafawa. Kowane zagaye abu uku ne: na'urar da ke aunawa, lissafin da ke kwatanta abin da aka auna da abin da ake so, sai bawul ko famfo da ake juyawa domin a gyara. Idan zafin tukunya ya sauka, a ƙara wuta. Idan tanki ya kusa cika, a buɗe mafita. Lissafin da ya fi yawa a wannan aiki shi ne PID, kuma tsoho ne ƙwarai. Injiniya Nicolas Minorsky ya rubuta tushensa a 1922 bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke juya sitiyari, sannan Ziegler da Nichols suka fitar da hanyar saita shi a 1942. Har yau shi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin masana'antun duniya.

Matsalarsa guda ce: kowane zagaye gabansa kawai yake kallo, bai san maƙwabcinsa ba. Ɗauki hasumiyar tace mai. Ka ƙara zafi a gindinta domin abin da ke fita ta ƙasa ya yi tsabta, sai tururi ya yi yawa ya kwashi nauyayan sinadarai zuwa sama, abin da ke fita ta saman ya ɓaci. Ka ƙara ruwan da ake mayarwa daga sama domin gyara wancan, sai gindin ya huce, ka koma inda ka faro. Kuma sakamakon kowane juyi ba ya bayyana nan take, sai bayan minti ashirin, wani lokaci awa guda ko fiye.

APC yana zama ne a saman waɗannan zagaye. Ba ya korar su, umarni yake ba su. Yana kallon hasumiyar gaba ɗayanta, galibi sau ɗaya kowane minti, ya faɗa wa kowane zagaye inda zai tsaya.

Ana yawan ambaton MPC. Shi kuma mene ne?

Shi ne kashin bayan APC. Ma'anarsa sarrafawa ta hanyar hasashe, bisa samfurin lissafi na yadda masana'antar ke amsawa idan an taɓa ta.

Ga yadda ake gina shi. Injiniyoyi sukan zauna kwanaki, wani lokaci makonni, suna ɗan motsa kowane bawul sama da ƙasa da gangan, suna rubuta abin da ya biyo baya: zafi ya tashi da digiri nawa, bayan minti nawa, ya daidaita yaushe. Daga nan a fitar da samfurin. Da zarar an ɗora shi, kowane minti kwamfutar takan tambayi kanta: idan na bar komai yadda yake, ina za mu kasance nan da awa biyu? Wane jerin motsi ne zai kai mu inda riba ta fi, ba tare da an haura iyakar matsi, zafi ko ingancin kaya ba? Sai ta tsara jerin motsin duka, amma ta aiwatar da na farko kaɗai. Minti na gaba ta sake aunawa, ta sake lissafin daga tushe. Kamar direban tirela ne mai kaya, wanda ke fara taka birki tun kafin ya iso kwana domin ya san nauyin da ke bayansa.

Wannan fasaha daga cikin masana'anta ta fito, ba daga jami'a ba. Jacques Richalet da abokan aikinsa a Faransa sun wallafa tsarinsu a 1978, Charles Cutler da Ramaker na kamfanin Shell kuma suka gabatar da nasu, DMC, a 1979. Kafin su, tun 1959 aka ɗora kwamfuta a kan wani sashe na matatar Texaco da ke Port Arthur a jihar Texas ta Amurka. A 1975 kuma Honeywell da Yokogawa suka fitar da tsarin DCS na farko, wato tsarin kwamfutocin ɗakin sarrafawa, wanda ya maye gurbin bangon agogunan awo da allon kwamfuta.

To ina ribar take? Ai masana'anta tana aiki ko babu shi.

Tana aiki, amma nesa da iyakarta. A ce, a matsayin misali, mai saye yana buƙatar kaya mai tsabtar kashi 99 cikin ɗari. Ma'aikacin ɗakin sarrafawa ya san awon yana lilo sama da ƙasa, kuma ya san idan ya faɗi ƙasa da 99 shi za a kira ofis da safe. Saboda haka zai tsaya a 99.5. Wannan rabin kashin kyauta ce ake ba mai saye, kuma da tururi da iskar gas aka biya ta. Idan APC ya rage lilon, ana iya matsowa kusa da 99 cikin kwanciyar hankali. A masana'antar da ke aiki dare da rana shekara cur, wannan ɗan matsowar kuɗi ne mai yawa, kuma hayaƙi ne da ba a fitar ba.

A murhun siminti, inda ake gasa dutse a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, maganar ɗaya ce. Mai tsoron kada kaya su fito ɗanye yakan ƙona gawayi fiye da kima.

Me shigowar fasahar dijital ta canza a zahiri?

Abu na farko shi ne yawan maganar da na'urori ke iya yi. Shekaru da dama na'urar awo lamba ɗaya tak take aikowa ta waya biyu, a matsayin wutar lantarki tsakanin miliamfa 4 zuwa 20. Tsarin HART ya ƙara 'yar hanyar saƙo a kan wayar, amma bit 1,200 kacal yake ɗauka a daƙiƙa. A 2021 aka ƙaddamar da Ethernet-APL, wanda ke kai megabit 10 a daƙiƙa ta waya biyu, har tsawon mita 1,000, yana kuma ba na'urar wuta, ko a wuraren da ake tsoron tartsatsi. Ma'anar wannan ita ce bawul zai iya faɗa maka da kansa cewa ya fara cijewa, na'urar auna gudun ruwa kuma ta ce bututunta ya fara toshewa.

Na biyu, yaren da na'urorin kamfanoni daban-daban ke fahimtar juna da shi, musamman OPC UA. Na uku, arahar wurin ajiyar bayanai da ƙarfin lissafi. Abin da a da sai babbar kwamfuta, yau ƙaramin akwati a gefen kabad yana yin sa. Duk waɗannan ne Jamusawa suka tattara a ƙarƙashin sunan juyin masana'antu na huɗu, wanda aka fara yayatawa a baje kolin Hanover na 2011.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutane kan ce suna da bayanan shekara goma a ajiye, don haka kwamfuta za ta koyi komai daga ciki. Ka buɗe bayanan, sai ka tarar masana'antar ta shafe mafi yawan shekarun a tsaye wuri guda, domin aikin masu sarrafawa ke nan, su hana ta motsi. Layin da bai motsa ba ba ya koya wa kowa yadda abu ke amsawa idan an taɓa shi. Shi ya sa har gobe ake buƙatar gwajin motsa bawul da gangan, ko da yake yanzu manhajoji na iya yin sa a hankali yayin da sarrafawa ke ci gaba, ba sai injiniya ya kwana a kujera ba.

Me ya sa ake ɗora APC da biki, bayan 'yan shekaru a tarar an kashe shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma a ganina makomar fasahar a kanta ta rataya.

Samfurin lissafi hoton masana'anta ne na ranar da aka ɗauka. Masana'anta kuwa tsufa take yi. Bututun musayar zafi yana yin datti, sinadarin da ke hanzarta haɗuwa yana rauni, ɗanyen man da ake saya yana sauyawa, a yi babban gyara a canza famfo. Hoton na nan yadda yake. Sannu a hankali hasashensa ya fara kuskure, ya riƙa tura bawul inda bai dace ba. Ma'aikaci ya cire masa hannu ɗaya, mako mai zuwa ya cire wani, ranar nan ya kashe shi ɗungurungum, kuma babu wanda ya rubuta dalili.

Na taɓa zuwa wata masana'anta inda aka ce mini APC ɗin wata hasumiya ya lalace, a sake gina shi. Na zauna da ma'aikacin dare, dattijo ne da ya fi shekara ashirin a gaban wannan allo. Na ce, "Malam, me yake yi maka da kake kashe shi?" Bai ce komai ba, ya buɗe mini zanen bawul ɗin tururi na awa shida. Umarnin da ake aika wa bawul ɗin yana hawa a hankali kamar tudu, gudun tururin kuwa shiru, bai motsa ba, can sai ya yi tsalle lokaci guda ya wuce inda ake so. Umarnin ya juyo ƙasa, a sake maimaitawa. Ya ce, "Injiniya, wata takwas ke nan ina rubuta wannan a littafin miƙa aiki." Da gari ya waye muka je wurin bawul ɗin da makaniki. An ɗaure abin da ke hana yoyo a wuyan sandarsa da ƙarfi fiye da kima, sandar tana cijewa. Aikin rabin yini ne. Samfurin lissafin lafiyarsa ƙalau. Na yi baƙin ciki ranar, domin mutumin ya faɗi gaskiya wata takwas ba a saurare shi ba, har ana shirin kashe kuɗi a kan manhajar da ba ta da laifi.

A nan ne nake ganin fasahar dijital za ta fi amfani: manhajar da ke duba lafiyar kowane zagaye kullum, ta gano bawul mai cijewa, ta nuna wane ɓangaren samfuri ne ya kauce wa gaskiya, ta kai labarin ga wanda zai gyara. Amma sai an naɗa mutum takamaimai wanda wannan aikinsa ne, da sunansa da lokacinsa.

Ƙirƙirarriyar basira za ta maye gurbin MPC?

Ba na jin haka nan kusa, amma ta shigo kuma ba za ta fita ba.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne na ƙasar Jafan. A farkon 2022 kamfanonin Yokogawa da JSR suka bar wata manhaja mai koyo ta hanyar gwaji da lada ta sarrafa wani sashe na hasumiyar tace sinadarai har kwana 35 a jere, awa 840, a wurin da a da sai da hannu ake juya bawul domin PID da APC sun gaza. A shekarar ce kuma kamfanin ƙirƙirarriyar basira DeepMind da cibiyar EPFL ta Lausanne a Suwizalan suka nuna irin wannan manhaja tana riƙe da siffar wutar plasma, wato iska mai tsananin zafi, a cikin na'urar gwajin haɗa ƙwayoyin zarra. Waɗannan nasarori ne na gaske. Amma ka lura da abu biyu. Duka biyun a cikin kwaikwayon kwamfuta manhajar ta yi koyonta, domin ba wanda zai bar ta ta yi kuskure dubu a kan tukunya mai zafi. Kuma ingancin abin da ta koya bai wuce ingancin kwaikwayon ba.

MPC yana da wata daraja da ke da wuyar samu: idan ya motsa bawul, za ka iya buɗe shi ka ga dalili. Wannan iyakar ce ta matse shi, wancan awon ne ya hango zai haura. Ma'aikacin da ke da alhakin rayukan mutane yana da haƙƙin sanin dalili. Abin da nake hasashe shi ne gauraye: dokokin kimiyya da aka tabbatar su zama ƙashi, koyon na'ura ya cike inda lissafinmu ya gaza, MPC kuma ya ci gaba da tsare iyakoki.

Inda koyon na'ura ya riga ya zauna daram shi ne awon da ba na'ura. Ingancin kaya sau da yawa sai an kai ɗakin gwaji, sakamako ya dawo bayan awanni. Sai a koya wa manhaja ta ƙiyasta shi kowane minti daga zafi, matsi da gudu, a riƙa gyara ta da sakamakon ɗakin gwajin idan ya iso.

Ana maganar "tagwayen" masana'anta a cikin kwamfuta. Gaskiya ne ko talla?

Duka biyun. Idan ana nufin kwaikwayo mai rai wanda ke karɓar awon masana'anta yana daidaita kansa, yana da amfani sosai wajen horar da ma'aikata da gwada sabon tsari kafin a ɗora. Idan kyakkyawan zane ne mai juyawa a allo ba tare da lissafin da aka tabbatar ba, ado ne. Tambayi mai sayarwa wa zai riƙa sabunta shi bayan kowane gyara, kuma nawa ne kuɗin hakan a shekara.

Za a iya sarrafa masana'anta daga rumbunan intanet masu nisa?

Nazari, gina samfuri da kwatanta masana'antu da yawa, e. Amma umarnin da ke taɓa bawul ya kamata ya fito daga kwamfutar da ke cikin harabar, wadda za ta ci gaba da aiki ko layin waje ya yanke. Ƙungiyar NAMUR ta masu masana'antun sinadarai a Jamus ta tsara hanya ta biyu da bayanai za su riƙa fita domin nazari ba tare da an buɗe ƙofar shiga tsakiyar sarrafawa ba. Wannan tunani ya yi mini.

Masu kutse fa?

Haɗarin na gaske ne, kuma yana ƙaruwa da kowace sabuwar waya da aka jona. A 2010 aka gano manhajar ɓarna mai suna Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran ta hanyar na'urorin Siemens, tana nuna wa ma'aikata cewa komai lafiya. A 2017 aka gano wata irinta mai suna Triton a wata masana'antar sinadaran mai a Saudiyya, kuma ita ta fi tayar mini da hankali, domin tsarin kariyar gaggawa ta nufa, wato abin da ke kashe masana'anta kafin ta fashe. A 2019 masu neman kuɗin fansa suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro mai narka alminiyom a Norway, ma'aikata suka koma aiki da hannu da takarda. A watan Mayun 2021 bututun mai na Colonial a Amurka ya tsaya kwanaki, ko da yake kwamfutocin ofis aka kama.

Ƙa'idar IEC 62443 ta tanadi raba masana'anta shiyya-shiyya da tsare mashigar kowace. IEC 61511 kuma ta shafi tsarin kariyar gaggawa, wanda dole ya tsaya da ƙafarsa, daban da na sarrafawa. A kan wannan ba ni da sassauci: komai wayon manhaja, kada a ba ta ikon taɓa tsarin kariya.

Ma'aikatan ɗakin sarrafawa za su rasa aikinsu ke nan?

Yawansu a kowane ɗaki ya daɗe yana raguwa, kuma zai ci gaba. Amma aikin wanda ya rage ƙara nauyi yake yi. Masaniyar halayyar ɗan Adam Lisanne Bainbridge ta bayyana wannan tun 1983: idan na'ura ta karɓe aikin yau da kullum, abin da ake bar wa mutum shi ne mawuyacin lokaci, alhali hannunsa ya daɗe bai taɓa aikin ba.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa a irin wannan lokaci. A matatar Milford Haven ta Birtaniya a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 a cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewa. A matatar Texas City ta Amurka ranar 23 ga Maris 2005, ana tayar da wani sashe bayan gyara, hasumiya ta cika ta tumbatsa yayin da na'urar awo ke nuna ruwan yana ƙasa. Mutum 15 suka mutu. Tayarwa da kashewa su ne lokuta mafi haɗari, kuma a lokacin APC na gargajiya yakan kasance a kashe, domin an gina shi ne don tafiya mai daidaito. Saboda haka nake ganin babban aikin da ke gaba shi ne tsara matakan tayarwa su zama na atomatik, rage ƙararrawar banza, da sa ma'aikata su riƙa atisaye a kwaikwayo kamar yadda matuƙan jirgin sama ke yi. A kuma sa su cikin ginin APC tun ranar farko. Wanda aka tambayi ra'ayinsa kafin a ɗora ba ya saurin kashewa.

Wane sabon abu ne zai fi matsa wa APC lamba nan gaba?

Wutar lantarki mai hawa da sauka. An gina manyan masana'antu ne su tsaya wuri guda wata da watanni. Yanzu ana son na'urorin raba ruwa domin samar da haidirojin, da masana'antun da ke dogara da su, su bi wutar da ake samu daga rana da iska: su ƙara aiki da tsakar rana, su rage da dare. Samfurin da aka auna a kusa da wuri guda ba zai wadatar ba, sai wanda ya san halin masana'antar daga ƙaramin aiki zuwa cikakke. Irin wannan MPC ɗin ya daɗe a masana'antun roba, inda ake sauya nau'in kaya akai-akai, kuma ina sa ran zai bazu.

Akwai kuma yunƙurin kuɓuta daga hannun mai sayarwa guda. Wanda ya sayi DCS yakan zauna da kamfanin shekara ashirin ko talatin. ExxonMobil ta jagoranci kafa wani dandali a ƙarƙashin The Open Group, wanda ya fitar da ƙa'idar O-PAS ta farko a 2019, domin a iya haɗa na'urar wannan kamfani da manhajar wancan. Tafiyar a hankali take, domin idan abu ya lalace da tsakar dare kowa yana son lambar waya guda da zai kira.

Masana'antarmu ƙarama ce. Daga ina za mu fara?

Daga ƙasa. Ku fitar da jerin duk zagayen PID ɗinku, ku duba nawa ne ke kan atomatik, nawa aka mayar hannu, ku tambayi ma'aikatan kowane zango dalili. Ku gwada na'urorin awon da suka fi muhimmanci, ku gyara bawul masu cijewa, ku sake saita zagayen da ke lilo. Ku tabbata agogon duk kwamfutocinku ɗaya ne, domin bayanan da lokutansu suka saɓa ba sa gina samfuri. Bayan haka ku zaɓi sashe guda inda kuka san iyakar da ke hana ku riba, ku auna yadda yake tafiya na wata uku kafin a taɓa komai, domin ku sami abin kwatantawa. A cikin kwangilar kuma ku rubuta wanda zai dawo ya duba samfurin bayan babban gyara na gaba.